Rainon monstera a cikin ɗaki a Kano, daga kaka zuwa bakin damina

2 ga Nuwamba

Aiki ya fara da reshe ɗaya mai gaɓa uku na monstera, shukar ado mai manyan ganye masu tsaga, wanda aka yanko daga wata babbar shuka a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi. Tsawonsa santimita 34. Gaɓar ƙasa ta yi baƙi kuma ba ta da ganye, sai na yanke ta na yar. Sauran biyun kowace tana da lafiyayyen ganye ɗaya, da saiwar iska, wato saiwar da ke fita daga jikin kara a sarari, da ido, wato ɗan kumburin da ke jikin kara kusa da inda hannun ganye ya kama. Ta idon nan sabon toho zai fito. Ganye da hannunsa kaɗai, ba gaɓa, zai iya yin watanni a ruwa yana kore shar, amma ba zai taɓa zama shuka ba. A nan masu saye da yawa suke asarar kuɗinsu.

Na raba reshen biyu da sabuwar reza da aka goge da sifirit, na bar santimita 3 a kowane gefen gaɓa. Bakin yankan ya sha iska na awa biyu, sannan kowanne ya shiga kwalba mai cin lita ɗaya: gaɓa da saiwar iska a nutse, hannun ganye a sama.

Asalin monstera dazuzzukan kudancin Meziko ne har zuwa Panama, inda take bin jikin bishiya tana hawa. 'Yar'uwar gwaza ce, dangi ɗaya suke, shi ya sa ruwan jikinta yake da ƙaiƙayin ɗanyen gwaza. A nisanta ta da ƙananan yara da kyanwa, kuma a wanke hannu bayan yanka. A can gidanta iska ce mai laima, saiwa kuwa tana manne da ɓawon itace da ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama ya zubo ya wuce bai kwanta ba. A Kano abin ya juye: iska a bushe take rabin shekara, ƙasar da ake cika tukwane da ita kuma tana riƙe ruwa. Saboda haka zan raini biyun ta hanya biyu. Ɗaya a tukunyar ƙasa da haɗi mai sako-sako, ana ba ta ruwa bisa nauyin tukunya. Ɗayar a tukunyar roba da ƙasar mai sayar da fulawa, ruwa duk bayan kwana uku, yadda akasarin mutane suke yi.

Kuɗi: reshe N5,000, reza da sifirit N700, ma'aunin zafi da laimar iska N4,500.

6 ga Nuwamba

An sauya ruwan kwalabe. Babu yauƙi, babu wari.

17 ga Nuwamba

Fararen tsiro sun ɓullo daga jikin saiwar iska a kwalaben biyu, mafi tsawo santimita 2. Bakin yankan ɗaya ya ɗan yi laushi, na kankare wajen milimita 3 har na tarar da fari mai tauri. Sauya ruwa duk bayan kwana huɗu ya wadatar a wannan yanayin.

24 ga Nuwamba

Haɗa abin da za a dasa a ciki. Da gwangwani ɗaya aka auna komai: uku na ɓawon kwakwa da aka sassara ƙanana, biyu na ɓuntun shinkafa, biyu na gawayi, biyu na farfasasshen jan bulo, ɗaya na kashin shanu da ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, aka tankaɗe. Gawayi da bulo a fasa su daidai girman ƙwayar gyaɗa, a tankaɗe garin a zubar. Garin nan shi ne yake toshe 'yan kafofin da iska ke bi.

Kowanne da irin shirinsa. Ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri, don haka ya kwana uku a bokiti ana sauya masa ruwa kullum. Ɓuntu an kwarara masa tafasasshen ruwa, in ba haka ba shinkafa da ciyawa za su tsiro a tukunya. Gawayi an wanke shi har ruwan ya daina yin baƙi, domin tokar da ke jikinsa tana sa haɗin ya yi kanwa-kanwa, ita kuwa monstera ta fi son ƙasa mai ɗan tsami. Kashin kaji ba ya cikin lissafi, zafinsa ya yi wa sabuwar saiwa yawa.

Tukunyar ƙasa mai faɗin santimita 18 ta kwana a ruwa, sannan aka huda gindinta wuri biyar da ƙusa, a hankali ana murzawa. In da hali, a sa mai ginin tukwane ya huda tun kafin gashi, ya fi sauƙi kuma ba fargabar tsagewa. Kada a yi kwaɗayin babbar tukunya: ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba, ruwanta ba mai sha.

Gwaji kafin dashe: an zuba lita ɗaya a kowace. A haɗin, ruwa ya fara fita ta ƙasa kafin a ƙirga goma. A ƙasar mai fulawa ya tsaya a sama fiye da minti biyu.

Ana sayar da wasu fararen duwatsu marasa nauyi da gansakukar da ake shigowa da su daga waje a farashi mai tsada. A ganina ba a bukatarsu. Aikinsu buɗe wa saiwa hanyar iska ne, ɓuntu da bulo kuma suna yin sa.

Kuɗi: tukunyar ƙasa N2,000, ta roba N1,200, gawayi N500, ɓawon kwakwa N600. Ɓuntu daga injin casa, kyauta.

1 ga Disamba

Dashe. Saiwoyi sun kai santimita 6 zuwa 9, wasu har sun fara rassa, kuma wannan ne lokacin. In aka bar su suka daɗe a ruwa, sukan sha wuya kafin su saba da ƙasa. An kwantar da gaɓa a saman haɗin, rabi a binne, ido yana kallon sama a buɗe. Ba a danna da hannu ba, an dai bubbuga gefen tukunya haɗin ya zauna.

Bayan ban ruwa da tsanewa na rabin awa, ta ƙasa ta auna kilo 3.6, ta roba kilo 4.5. Ƙa'idar ta ƙasa: ba ruwa sai ta sauko kilo 3.1.

Wurin zama: mita ɗaya daga tagar gabas. Manhajar auna haske a waya ta nuna wajen luks 5,000 (luks shi ne awon ƙarfin haske) da hantsi, ƙasa da 2,000 bayan azahar. A tsakiyar falo bai kai 300 ba, ko da yake ido yana ganin wurin da haske. Monstera za ta rayu a can, amma ganyenta ba zai tsage ba.

Kuɗi: sikelin kicin N7,500.

9 ga Disamba

Ta ƙasa ta sauko 3.1, an ba ta ruwa. Ganyen biyu a miƙe.

20 ga Disamba

Hunturu ya kankama. Laimar ɗaki ta faɗo kashi 17 cikin 100 da rana, alhali shukar ta fi jin daɗi daga kashi 50 zuwa sama. Gefen ganyen biyu ya fara bushewa, ruwan ƙasa, yana ƙaras-ƙaras in an taɓa, faɗin wajen milimita 4. Tsakiyar ganye kuwa kore ne mai ƙarfi.

Wannan alama ce ta busasshiyar iska, ba ta ƙishirwa ba, kuma rikita su biyun shi ne yake kashe shukokin ɗaki a garin nan. Mutum ya ga gefe ya bushe, sai ya ƙara ruwa. Amma sabuwar saiwa ba ta iya jan ruwa da saurin da iska ke zuƙe shi daga bakin ganye, ko da tukunya cike take. Sikeli ya nuna hakan: ta roba a kwana uku giram 120 kawai take ragewa, ana kuma zuba mata mililita 400.

Feshin ruwa a ganye na gwada shi da ma'auni a gefe. Laima ta haura kashi 50, kafin minti goma sha biyar ta koma inda take. Abin da ya rage sai ɗigon farin gishiri a ganye, ƙura kuma ta samu wurin mannewa. Na'urar turara ruwa ta lantarki tana aiki, amma da an ɗauke wuta shi ke nan. Abin da ya tsaya shi ne ƙaramar randa cike da ruwa a kusurwar da shukokin suke, da jiƙaƙƙen buhun algarara a rataye a bayansu, bakinsa na ƙasa a cikin roba mai ruwa yana tsotsa. Taga da ƙofa a rufe daga hantsi zuwa la'asar. Da wannan, ma'auni a kusurwar yana yawo tsakanin kashi 33 da 38. Bai kai abin da ake so ba, amma bushewar ta tsaya a inda take.

Ban yanke busasshen gefen ba. In za a gyara shi da almakashi, a bar siririn layin busasshen, don in aka shiga kore sabon rauni ne zai sake bushewa.

Kuɗi: randa N3,000, buhu biyu N1,600.

29 ga Disamba

Ƙura ta yi wa ganye lulluɓi, yatsa yana barin sawu. An goge sama da ƙasa da tsumma mai laushi da ruwa zalla, tafin hannu ɗaya yana tallafe da ganyen. Wasu suna shafa madara ko man gyaɗa don ganye ya yi sheƙi. Kada a yi. Yana toshe kafofin numfashin ganye, ƙura kuma ta daskare a kai. Goga sau ɗaya a mako daga yanzu.

4 ga Janairu

Da asuba ɗaki digiri 18. Tukunyar ƙasa tana ƙara sanyaya abin da ke cikinta saboda ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, don haka an ɗauke ta daga siminti an ɗora a kan katako, an kuma janye randa da dare. Ruwa yanzu duk bayan kwana takwas ko tara, da hantsi, ba da ruwan da ya kwana a waje ba.

12 ga Janairu

Ta roba ta kama ruɓa. Tun farkon mako ganyenta ya fara rawaya daga tsakiya, ba daga gefe ba, ya yi laushi ya sunkuya, ga baƙin tabo biyu masu zagayen rawaya. Ranar ban ruwanta ta zo aka ba ta, ba ta miƙe ba. Shukar da ta yi yaushi alhali tukunyarta da nauyi ba ruwa take nema ba, saiwar da za ta sha ce ta mutu.

Da aka juye tukunyar, ƙasar ta fito a dunƙule, jiƙe jagab, tana warin tsami. Cikin saiwoyi bakwai, biyar sun zama ruwan ƙasa sun yi luguf. In aka ja ɗaya tsakanin yatsu biyu, fatar sai ta zame ta bar siririn zare a hannu. Wannan zamewar ita ce tabbacin ruɓa. Lafiyayyar saiwa fara ce mai tauri, takan karye ne, ba ta saɓulewa.

Dalilin a fili yake. Saiwa tana numfashi. Ƙasa mai laka in ta sha ruwa sai ta cike duk kafofin iska, roba kuma ba ta fitar da danshi ta gefe. Ga sanyi ya rage wa shukar sha, ga ruwa yana zuwa bisa kalanda. Saiwa ta shaƙe, ƙwayoyin ruɓa da ke cikin ƙasa suka samu shiga. Ta ƙasa da ke gefenta, iska ɗaya da haske ɗaya, ba abin da ya same ta.

Ceto: an wanke duk ƙasar, an yanke ruɓaɓɓun saiwoyi har inda fari ya fara, ana goge reza da sifirit bayan kowane yanka. Ƙarshen kara ya yi baƙi santimita ɗaya, an datse shi, saura kaɗan ya kai gaɓa. An tsoma ta minti goma a haidurojin ɗin wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3, awo ɗaya cikin awo uku na ruwa. Ganyen an cire shi, saiwa biyu ba za su iya ɗaukar nauyinsa ba. An barbaɗa garin gawayi a bakin yanka, ta sha iska zuwa yamma, sannan aka kwantar da gaɓar a kan ɓuntu da bulo masu ɗan danshi a cikin ƙaramar roba, aka rufe da farar leda mai huji huɗu. A cikin ledar laima ta haura kashi 80. Tsohuwar ƙasar an zubar da ita a waje, ba za a sake amfani da ita ba.

Kuɗi: haidurojin N800.

19 ga Janairu

Gaɓar da ke leda tana nan da tauri, baƙin bai ci gaba ba. Ana buɗe ledar minti biyar kullum.

3 ga Fabrairu

Ta ƙasa ta fitar da ganyen farko. Idon ya kumbura tun tsakiyar Janairu, ya zama koren tsinke, yanzu ganyen ya fito a naɗe kamar tabarmar da ba a shimfiɗa ba. A busasshiyar iska yakan maƙale ya ƙi warwarewa. Ba a jan sa da hannu, yagewa zai yi, tabon kuma ya zauna har ƙarshen ransa. An ɗiga masa ruwa a bakin naɗin safe da yamma, ya buɗe da kansa. Tsawonsa santimita 14, siffar zuciya, babu tsaga ko ɗaya. Haka ake tsammani daga gaɓar tsakiya: takan koma ƙuruciya ko da uwar manyan ganye gare ta.

16 ga Fabrairu

Ƙananan gizo-gizon ganye sun shigo. Tsohon ganyen ya dusashe, ya cika da ɗige-ɗige masu launin toka-toka, a ƙarƙashinsa kuma ga siririyar yana a inda hannu ya haɗu da ganye. An riƙe farar takarda a ƙasa aka kaɗa ganyen: 'yan ɗigo suka zubo suna tafiya, da aka murje su da yatsa suka bar jan layi.

Zafi da bushewa su ne abincin wannan ƙwaro, kuma yanzu ne sanyi yake janyewa laima ba ta dawo ba. A irin wannan yanayi ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin 'yan kwanaki, ɗan kuma ya girma ya fara nasa ƙwan cikin mako guda ko sama da haka kaɗan. Feshi ɗaya ba ya taɓa ƙwan, shi ya sa ake ganin kamar an gama sai su dawo. Sannan shi dangin gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, yawancin magungunan ƙwarin gona ba sa kashe shi yadda ake zato. Fiya-fiya kuwa ko kusa, ba a fesa shi a ɗakin da mutane ke kwana.

An kai shukar banɗaki, an ɗaure bakin tukunya da leda, an wanke ƙarƙashin kowane ganye da ruwa mai ƙarfi. Bayan ta bushe aka fesa man darbejiya: cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, da rabin cokali na sabulun ruwa, a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi. A fara kaɗa man da sabulun kafin a zuba ruwa, in ba haka ba man zai taso sama, feshin farko ya fito ruwa zalla, na ƙarshe ya fito mai zalla ya ƙone ganye. Da magariba ake yi, a jiƙa ƙarƙashin ganye sosai, kuma ba a ajiye ragowar haɗin. Sabon ganye bai yi ƙwari ba tukuna, an goge shi da ruwan sabulu kawai. Za a maimaita duk bayan kwana biyar.

Kuɗi: man darbejiya N2,500, gorar feshi N1,000.

26 ga Fabrairu

Gwajin takarda: ɗigo biyu kacal. A ci gaba.

8 ga Maris

Takarda fes, an dakatar da feshi. Ɗige-ɗigen tsohon ganye ba za su goge ba. Gaɓar da ke leda ta yi sabbin saiwoyi uku, idonta ya tsage.

15 ga Maris

Ganye na biyu ya buɗe, santimita 19. Girma ya tashi, don haka an fara taki: NPK 15-15-15, kwatan cokalin shayi a lita 2 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace tsakin. Sau ɗaya cikin kowane ban ruwa uku, kuma a kan haɗi mai danshi, ba busasshe ba. Ba a barbaɗa ƙwayar takin a tukunya yadda ake yi wa masara.

An kafa mata abin hawa. Fayif ɗin roba mai tsawon mita 1.2, an naɗe shi da buhun algarara ninki uku, an cusa ɓawon kwakwa a tsakani, an ɗaure da igiyar rama. Na zaɓi roba a kan gora ne saboda gindin gora yana ruɓewa a tukunya, yana kuma jawo gara. Monstera tana da gaba da baya: ganye ta gaba suke fuskanta, saiwar iska ta baya take fita. Bayan ne ake jinginawa da sandar. A ɗaure kara sako-sako, kada a ɗaure hannun ganye, domin shi ne yake juyawa ya bi haske. Saiwar iska ba a yanke ta, a karkata ta cikin buhun ko cikin tukunya.

Kuɗi: taki N1,000, fayif N1,500, igiya N400.

30 ga Maris

Ƙunar rana. Ganye na biyu ya yi farin tabo mai faɗin tafin yaro a gefen da ke kallon taga, washegari ya zama ruwan ƙasa, ya yi siriri ya bushe. Wurin bai sauya ba, rana ce ta sauya. A hunturu hazo ne yake tace ta, yanzu sama ta washe, ranar ƙarfe tara tana dukan ganye kai tsaye. Ƙuna tana da iyaka a fili kuma a gefe ɗaya take, ba ta da zagayen rawaya irin na ruɓa. An sa labule mai shara-shara, an ja shukar baya rabin mita. Haske yanzu wajen luks 8,000 da hantsi, a tace.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa cewa tagar arewa ba ta samun rana. Wannan lissafin Turai ne. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewacinmu take bi. Wanda ya mayar da shukarsa jikin gilashin tagar arewa a watan Mayu ya sa ido a kan ranar la'asar.

Kuɗi: labule N2,000.

10 ga Afrilu

Ɗaki digiri 36 da la'asar. Tukunyar tana rage giram 250 zuwa 300 a yini, ruwa ya koma kwana bibbiyu. Da tsakar rana ganye yana sunkuyawa ko da sikeli na nuna 3.4, da magariba ya miƙe da kansa. Ba a ƙara ruwa don wannan. Fanka tana kaɗawa a bango, ba a kan shukar ba.

19 ga Afrilu

Farin gishiri ya daskare a bakin tukunya da saman ɓawon kwakwa, tsinin ganye na uku kuma ya yi baƙi tun yana sabo. Ruwan burtsatse ne da taki: ruwa yana tashi, gishirin yana zama, kuma yawan ban ruwa na bazara yana hanzarta taruwarsa. An kankare bakin tukunya, an kwashe santimita biyu na saman haɗin an sa sabo, sannan aka kwarara lita 8 a hankali, wajen ninki uku na cikin tukunyar, ruwan yana wucewa ta ƙasa. Taki ya huta mako biyu.

Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri, kuma a banza yake zuba. Ana tara shi a jarka mai tsabta ana gauraya shi rabi da rabi da na burtsatse. Shi kaɗai bai dace ba na dogon lokaci, ba shi da sinadarin da shuka ke samu daga ruwan ƙasa. Ita shukar dai ba ta zama a bakin iskar na'urar.

27 ga Afrilu

Wadda aka ceto ta bar leda a hankali, ana ƙara hujin kullum, ta koma ƙaramar tukunyar ƙasa da haɗi irin na 'yar'uwarta. Ganyenta ɗaya, santimita 8.

11 ga Mayu

Ganye na huɗu ya buɗe da tsaga uku, biyu a dama ɗaya a hagu, tsawonsa santimita 31. Tun yana naɗe ake hango gibin, domin tsaga a cikin naɗi take samuwa, ganyen da ya fito a dunƙule ba zai tsage daga baya ba. Saiwar iska biyu sun shige cikin buhun sun kama, kara ya ƙara kauri a sama fiye da ƙasa. Tsohon ganyen da ta zo da shi ya yi rawaya gaba ɗaya, shi kaɗai, an cire shi daga gindin hannu.

Laima ta fara hawa, kashi 45 da safe ba tare da jiƙa buhun bango ba. Da asuba ana samun ɗigon ruwa a tsinin ganye. Ba ciwo ba ne, saiwa ce take turo ruwa da dare. In ya yawaita kullum, alama ce a ɗan jinkirta ban ruwa.

Jimillar kuɗi zuwa yau N35,800. Daga ciki N16,000 na ma'auni, sikeli, randa da gorar feshi ne, waɗanda za su ci gaba da aiki.

Shirin damina. Shukar ta ƙara nauyi ga sanda a ciki, don haka za a sake auna tukunya a jiƙe a fitar da sabuwar ƙa'ida, ragin giram 500 dai shi ne ma'auni. Da ruwa ya sauka za a cire randa da buhun bango, a buɗe taga, domin a Agusta matsalar juyawa take: iska mai laima, tukunya ba ta bushewa, fumfuna da ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna samun saman haɗi mai danshi. Za a tari ruwan sama bayan na farko da na biyu sun wanke rufi. Saiwa ta fara leƙowa ta huji biyu, sauyin tukunya zuwa mai santimita 22 zai zo a tsakiyar Yuni, tare da ƙara tsawon fayif. A Yuli za a naɗe gaɓa ta biyu daga sama da jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa da leda, ta yi saiwa tana jikin uwa kafin a yanke ta, don a ga ko dashen da ya fito daga kan shuka zai riƙe tsagarsa.